Zulai Ba Za Ta Yi Haka Ba

Amina, ke ce babba, don haka da ke zan fara, ƙannenki kuma su buɗe kunne. Na san abin da ke ranki tun shekarar da Innarku ta kwanta ciwo. Ba ki taɓa zaunar da ni kin faɗa mini ba, tarbiyyar gidan nan ba ta bar ki ba, amma uba yana karanta fuskar 'yarsa ko da ta sunkuyar da kai. A ganinki, mace tana fama da cutar da za ta ɗauke ta, mijinta kuma ya kafa kujera a bakin ƙofarta yana karanta mata zancen ɗakin ma'aurata maimakon ya ɗauko Alƙur'ani. Alƙur'anin ma na karanta, ba ki zo a lokacin ba ne. Yanzu da gwiwoyina suka fara yi mini gardama, likita kuma ya hana ni gishiri da duk abin da ke sa miya ta zama miya, na ga gara in faɗi yadda abin yake da bakina, kafin ku ji shi a bakin Kawunku na Gwiwa, wanda bai taɓa karɓar labari ya miƙa shi yadda aka ba shi ba.

Kun tashi kun tarar da ni malamin gona a ƙaramar hukuma, kullum ina kan babur tsakanin Kazaure da Roni da ƙauyukan Gwiwa, rana tana dukan ƙeyata. Wannan sana'ar ba ku jin kunyar faɗa wa abokanku. Ta biyun ce kuke ɓoyewa, wato rubuta littattafan soyayya. Ban taɓa rubuta batsa ba, wannan ku riƙe shi da kyau. Sai dai ni ba na cikin marubutan da ke rufe ƙofa da zarar an kai amarya su koma zancen kayan gara. Ina shiga ɗakin tare da su, in faɗi ƙamshi, in faɗi kallo, in faɗi yadda hannu ya lalubo hannu, sannan in ja labule in fito. A ganina ma'aurata suna buƙatar wanda zai nuna musu cewa abin nan halal ne, kuma ba laifi ba ne ya yi daɗi. Wani Alhaji mai shago a Kano ne yake buga mini, matan aure kuma su suka fi saye. Har yau ban yi nadamar wannan niyya ba.

Amma matan da ke cikin littattafan nan, in kun duba, duk kamar uwa ɗaya ta haife su. Fara ce, doguwa, gashi har gadon baya, ƙirji a cike, ba ta san hayaƙin murhu ba. In ma ta haihu, ba a gani a jikinta. Miji na yin sallama sai ta narke. Nakan canza mata suna, in ɗauke ta daga Kano in kai ta Katsina, in sa ubanta ya zama ɗan kasuwa ko alƙali, amma ita ɗin ce dai. Ana saye, ana yabo, ni kuwa ina tafiya ina jin babu wanda ya san mata kamar ni a duk faɗin masarautar nan.

Innarku kuma kun san ta. 'Yar ruga ce daga bayan Gwiwa, Bafulatana mai kunyar da wani lokaci har takan ba ni haushi. Tun ranar da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa kama sunana ba, Malam ne kawai. Ke ma Amina, da yake ke ce ta fari, waccan take ce miki har ta koma ga Allah. Ta shiga ajin manya bayan aurenmu, ta iya karatu sarai, kuma na san tana karanta littattafaina, don nakan tarar da su an lanƙwasa kusurwar shafi. Ba mu taɓa yin zancensu ba. Abin da ke tsakanin miji da mata ma ba da baki muke yinsa ba. In ta sa garwashi a kasko, ta zuba turare, ta ajiye shi a bakin ƙofarta ta ɗage asabari kaɗan, na gane. In ba ta ajiye ba, shi ma na gane. Haka muka haife ku duka ba tare da an furta kalma ba. Ba rashin kunya ne ya sa nake faɗa muku wannan ba. In ba ku san shi ba, ba za ku fahimci abin da ya biyo baya ba.

A shekarar da nake ba ku labari, tun cikin rani ta ji ƙullutu a mamanta na hagu. Ta ɓoye. Yayarta, Yafendo Dije da ke aure a Babura, ita kaɗai ta sani, tana aiko mata da sassaƙe da abin shafawa. Sai da ciwon ya hana ta ɗaga taɓarya sannan na sani. Muka je asibiti a Kano, aka ce cutar daji ce, kuma sai an cire. Aka cire. Ranar da za a sallame mu likitan ya ja ni gefe ya faɗa mini abin da bai faɗa mata ba, cewa cutar ta riga ta wuce inda wuƙa ta tsaya, sai dai a yi ta lallaɓawa. Muka dawo gida da farkon damina, duwatsun garin nan sun fara yin kore, kowa yana gona.

Ta dawo da ƙafafunta, amma ta rufe ɗaki. Asabarin ya sauka har ƙasa. Kaskon nan ta kife shi a bayan randa. Yafendo ce take wanke mata ciwon, in ta koma Babura kuma ita take yi da kanta da hannu ɗaya, ba ta yarda ko ke ki gani ba. In na yi sallama sai ta ce in dakata, in ji motsin mayafi, sannan ta ce in shigo, in tarar da ita a lulluɓe har wuya kamar mai shirin zuwa unguwa, ta cusa tsumma a gefen hagu na rigarta don ya yi daidai da na dama. Allah ya sani ba turaren nake nema ba. Matata nake nema. Na san lokaci ya ƙure, kuma tsorona ɗaya ne, kada ta tafi tana zaton ina ƙyamarta.

Wata rana da hantsi na yi ta maza na buɗe baki. Na yi ta kewaye-kewaye, na ce lafiya ita ce gaba da komai, na ce jiki ai aro ne, daga ƙarshe dai na ce mata ni ban damu da abin da aka cire ba. Ta bar ni na gama tsaf.

"Malam, na karanta littattafanka duka," in ji ta. "Na san irin macen da kake so."

Ba da fushi ta faɗa ba, kamar mai cewa hadari ya taso ne a kwashe shanya. Na fito na zauna a zaure na rasa abin da ke yi mini daɗi. Shekara da shekaru ina rubutu ina zaton baƙi nake yi wa, ashe a cikin gidana akwai mai karanta shi a matsayin maganar da mijinta bai iya faɗa mata da baki ba. Kowace yarinyar da na ƙera, ta auna kanta da ita ta ga ba ta kai ba, tun tana da lafiyarta ma, balle yanzu. Ni kuwa ban taɓa haɗa su a raina ba. Waɗancan kayan kasuwa ne, ita kuma ita ce. Ba na cewa laifina ne, ba na cewa nata ne, mutum biyu ne da ba su saba magana ba kowa ya yi ta fassara shirun ɗan'uwansa. Amma ta ina zan ɓullo mata ta yarda? Bakina ya faɗi abu ɗaya sau ɗaya, littattafai kuma ga su nan cike da kwali suna faɗin wani.

A lokacin ina tsakiyar wani littafi da Alhajin Kano yake jira, da wata kyakkyawa irin wadda na saba. Na ture shi gefe. Tunda ta littafi take jin maganata, na ce to bari in yi mata ta littafin. Na ƙirƙiro wata mata mai suna Zulai, ta haura hamsin, 'ya'yanta sun yi aure, an yi mata irin wannan aikin, mijinta tela ne a bakin kasuwa. Na rubuta babi na farko, bayan la'asar na ɗauki kujera na zauna a wajen asabarin, na ce ina da wata mata a littafi da ta gagare ni, ko za ta saurara. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ni kuwa na fara. A babin, Zulai ta dawo daga asibiti, telan ya riƙe ta ya ce ba ta taɓa yi masa kyau kamar yau ba, ita kuma ta fashe da kuka ta faɗa ƙirjinsa. Ni a ganina na rubuta abin da zai narkar da dutse. Na gama. Har na fara tattara takarduna sai na ji muryarta ta bayan asabari.

"Zulai ba za ta yi haka ba."

"To me za ta yi?"

"Za ta ce a ranta ƙarya yake yi. Wanda bai gani ba, ta yaya zai ce ya yi kyau?"

Na ji haushi, ba zan ɓoye muku ba, don marubuci ba ya son a taɓa masa babi. Amma wannan ce magana mafi tsawo da ta yi mini tun dawowarmu daga Kano, sai na haɗiye haushin na koma na sake rubutawa. Daga ranar ya zama aikinmu. Da na dawo daga ƙauye in yi wanka, in yi la'asar, in kafa kujera. Ni a waje, ita a ciki. Abin da ba za ta taɓa iya faɗa a kan kanta ba ko da za a yanka ta, sai ga shi tana faɗa a kan Zulai ba tare da ko inda-inda ba, tunda Zulai ba kowa ba ce, matar tela ce a littafi.

A nan na fara sanin mata, da furfura a gemuna. Na rubuta cewa Zulai tana baƙin cikin kyawunta da ya tafi, sai ta ce ba kyau ne a gabanta ba tukuna, warin ciwon ne, kullum tana lissafin ko yana kaiwa inda telan yake zaune, shi ya sa take sa shi nesa. Ta ce hannun Zulai na hagu ya kumbura, ba ta iya ɗaura ɗankwali yadda take so, kuma wannan ya fi ɓata mata rai fiye da yadda namiji zai zata. Ta ce wani lokaci Zulai takan ji ƙaiƙayi a maman da babu shi, ta kai hannu ta tarar da wayam, kuma shi ne wanda 'ya'yanta suka fi so lokacin da suke goye. Da ta faɗi wannan sai na yi kamar ina gyara alƙalami.

Ba ta tsaya a kan Zulai ba, sai da ta bi tsofaffin littattafan ta yi musu tatas. Ta ce matan littattafaina kullum a shirye suke kamar ba su da aikin yi, alhali mace da wuninta gaba ɗaya take shiga ɗaki, da hayaƙin da ta sha, da zazzaɓin yaro, da maganar da uwar miji ta yaɓa mata tun safe. Ta ce wata rana ba ta so, kunya ta hana ta ƙi. Wata rana kuma ita ce take so, shi yana can zaure ya manna rediyo a kunne yana jin labarin ƙasashen da ba zai taɓa zuwa ba. Na ce wannan telan dai sakarai ne. Ta ce ai ba shi kaɗai ba ne.

Wata la'asar, ana yayyafi, na karanta mata wani wuri da na ɓata shafi guda ina bayyana yadda telan yake kallon Zulai. Ta katse ni.

"Matanka duk kallonsu ake yi. Su ba su da ido ne?"

Na ce to ta faɗa mini, in telan ya shigo, me Zulai take gani. Sai ta fara, a hankali. Ta ce Zulai tana gane tafiyarsa tun daga zaure, don yana jan ƙafar dama kaɗan. Tana son gyaran muryar da yake yi kafin sallama. In ya sunkuya yana wanke hannu, tana kallon ƙeyarsa, inda rana ta ƙona ta yi baƙi ƙirin, da ɗan layin da hula ta kare ya fi haske, kuma tun tana amarya wannan wurin ne take so ta taɓa, ba ta taɓa ba. Ina rubutawa hannuna ya tsaya. Tela yana zaune a inuwa wuni guda a kan kekensa, ina zai samo ƙeyar da rana ta ƙona? Ban gyara mata ba, na rubuta yadda ta faɗa. Na koma zaure na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da likita ya ja ni gefe, don sai da ya rage mana kaɗan sannan na san cewa duk tsawon zamanmu ana kallona da so ban sani ba.

A cikin kwanakin nan ne kika zo daga gidanki na Roni da kunun gyaɗa, Amina. Kin faɗo daidai babin da telan ya zauna a bakin gado ya ɗauki kumburarren hannun Zulai yana matsa mata shi, yana gangarowa daga kafaɗa. Na ga inuwarki kafin in gan ki. Kika ajiye kwanon, kika durƙusa kika gaishe ni ba ki ɗago ba, sannan kika ce, da muryar da ba na mantawa:

"Baba, ko a wannan halin?"

Kika shiga kika gaida Innarku, ba ki daɗe ba kika tafi. Abin da ba ki sani ba shi ne, kina fita sai na ji dariya ta bayan asabari, ƙaramar dariya mai haɗe da tari, ta farko tun Kano. Ta ce in ƙyale ki, waccan yarinya ce, tana zaton in mace ta kwanta ciwo ta daina zama mace. Sannan ta ce in ci gaba daga inda na tsaya, kuma telan ya rage sauri, hannun yana ciwo.

Abin bai tafi haka kawai ba. Alhajin Kano ya gaji da jira ya kira ni, na faɗa masa abin da nake rubutawa. Ya ce wa zai sayi soyayyar tsohuwa mai mama ɗaya, mutane don su manta da damuwarsu suke karatu. Na ce ba ni da wani littafin sai wannan, kuma waccan kyakkyawar ba zan iya komawa kanta ba ko na so, don yanzu in na rubuta ta ina jin ana tsaki a bayan asabari. Muka rabu a nan, tun daga lokacin kuma ban sake buga littafi ba. Mutanen gari suka ce wa'azi ne ya kama ni na tuba, na bar su da zatonsu. Kawunku kuma, ban san wa ya kai masa ba, ya zo ranar kasuwa ya zauna a zaurena ya ƙi shan ruwa, ya ce ya ji ina tallar jikin ƙanwarsa a takarda, su a danginsu ba a yi musu haka. Na ce masa babu takardar da za ta fita daga gidan nan. Bai yarda ba, har yau kuma gaisuwarmu ba ta wuce ta bakin masallaci.

Da gero ya fara nuna, jikinta ya soma yin ƙasa. Tari ya zauna, bayanta ya riƙe, abinci sai cokali biyu. Amma asabarin ya ɗagu. Yanzu a ciki nake zama, a bakin gado, kamar telan. Wata rana na shigo na tarar da kaskon nan an tone shi daga bayan randa, hayaƙi yana tashi. Kafin in yi magana ta ce saboda warin ciwo ne. Na ce haka ne. Mayafin dai yana nan har wuya.

Babi ɗaya ya rage mana, wanda Zulai za ta bar telan ya gani. Na rubuta shi ta kowace hanya da na sani. Na sa Zulai ta buɗe da kanta, Innarku ta ce ba za ta iya ba. Na sa mayafin ya zame tana barci, ta ce wannan sata ce, Zulai ba za ta yafe ba. Na sa telan ya roƙa, ta ce in ya roƙa ya zama dole, in ya zama dole kuma ba kyauta ba ce. Na ce to ni dabarata ta ƙare. Wata safiya bayan na ba ta magani, ta sa hannu ta cikin mayafi ta zaro tsumman nan ta ajiye a gefe. Ta kamo hannuna ta ɗora shi a wurin, ta saman mayafin, ta danne da nata. Wurin a shafe yake, ina jin ƙashin haƙarƙarinta, ina jin bugun zuciyarta kusa fiye da yadda na taɓa ji.

"Iyakar Zulai ke nan, Malam. Tana so ya gani. Amma ba za ta iya kallon fuskarsa yana gani ba."

"In ta rufe ido fa?"

"Za ta ji numfashinsa ya canza."

Na ce mata to littafin ya tsaya a nan, wannan ma ya ishi telan, ya fi ƙarfin abin da ya cancanta. Ba ta saki hannuna ba sai da barci ya ɗauke ta. Bayan kwana kaɗan ta sa aka kira Yafendo daga Babura, suka daɗe suna magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa. Kun san Fulatancina bai wuce na gaisuwa da cinikin nono ba, ban tsinci komai ba.

Ta rasu da hantsi, ana ta shigo da dammunan gero cikin gari a amalanke. Kuna nan, ba sai na ba ku labarin kukan ba. Gida ya cika, tsofaffin unguwa da suka saba wankan gawa sun riga sun ɗora ruwa, sun kawo ganyen magarya. Ina zaure da Kawunku da liman da sauran maza, sai ga Yafendo ta fito har bakin ƙofa, abin da ba ta taɓa yi ba a gaban maza. Ta durƙusa ta ce ƙanwarta ta bar wasiyya, Malam ne zai yi mata wanka, ita Yafendo zuba ruwa kawai za ta yi, kuma kada kowa ya shiga bayan su biyu. Kawunku ya miƙe tsaye, ya ce ba a taɓa yin wannan abin kunya a danginsu ba, ni ne na juya mata hankali da takarduna. Liman ya bar shi ya gama, sannan ya ce shari'a ta yarda miji ya wanke matarsa, rashin sabo ne kawai ya sa muke ganin abin baƙo, kuma wasiyyar mamaci ba abin wasa ba ce. Na san a cikin gida ma an yi ta ƙus-ƙus, na san wasunku sun ɗauka ni na nema. Ban nema ba. Ban ma san da zancen ba sai a wannan lokacin, tare da kowa.

Na shiga. Yafendo ta sauke asabarin a bayanmu, ta ɗauki buta, ta juya fuskarta wajen bango. Na yi niyya, na fara yadda liman ya koya mini a tsaitsaye, na yi mata alwala, na wanke kanta, na wanke gefen dama. Sannan na zo hagu, na janye zanen da hannuna.

Layi ne guda, ya taso daga hammata ya zo tsakiyar ƙirji, gefe ɗaya ya warke ya yi santsi, ɗaya gefen bai ƙarasa ba. Sawun ɗinkin yana nan ƙanana-ƙanana. Shi ke nan. Wannan ɗan layin ne ya tsaya a tsakaninmu damina guda, shi ta yi ta wankewa ita kaɗai da hannu ɗaya a ɗakin nan ina zaune a waje. Gaskiyarta, numfashina ya canza, har Yafendo ta ji ta ɗan motsa. Da tana da rai da ta ɗauka ƙyama ce, da kuwa a wannan karon ita ce ba ta karanta namiji daidai ba. Na sunkuya na faɗa mata a kunne cewa na gani, kuma yanzu ina da ikon in ce ya yi kyau. Na bi layin da ruwan magarya tun daga farkonsa har ƙarshe, a hankali, don na tuna wurin yana ciwo.

Yafendo, fuskarta tana bango, ta tambaya ko ruwan ya isa. Na ce ta ƙara, ban gama ba.